Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Halin da 'Yan Kwangilar Aikin Kwamfuta Suke Ciki

Tun zamanin kakanni, idan aka gama girbi aka kai amfanin gona rumbu, samarin ƙauyukan ƙasar Wudil sukan ɗaura 'yan komatsansu su tafi cin rani. Waɗansu su nufi birnin Kano, waɗansu Jos wajen haƙar kuza, waɗansu kuma su gangara Kurmi, ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Garin Indabo, wanda yake ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil, bai fita daga cikin wannan al'ada ba. To amma a 'yan shekarun nan wani sabon irin cin rani ya ɓullo, wanda mai yinsa ba ya bukatar kuɗin mota ko masauki. Yana zaune a ɗakinsa da kwamfuta a kan cinya, mai ba shi aiki yana Landan ko Dubai, ladansa kuma da Dalar Amurka ake lissafa shi.

Ba abin mamaki ba ne wannan magana ta yi ƙarfi a wannan yanki. A garin Wudil ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano take, wadda ta fara karatu a 2001, aka kuma sauya mata suna a 2022 ta koma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote. Kafin ita ma, tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Kowace shekara wannan jami'a da Jami'ar Bayero suna yaye ɗalibai masu digiri a kan kimiyyar kwamfuta, alhali kuwa guraben aikin gwamnati ba su ƙaruwa daidai da yawansu. Saboda haka tambayar da take bakin ɗalibi da mahaifinsa ita ce: shin aikin kwangila na ƙasashen waje zai iya riƙe mutum, ko kuwa rawar ƙafa ce kawai?

Wane Ne Ɗan Kwangila?

Ɗan kwangila a wannan fanni shi ne wanda ba a ɗauke shi aiki na dindindin ba. Ana ba shi aiki guda ne, misali ya gina wa kamfani shafin intanet, ko ya rubuta manhajar wayar hannu, ko ya tsara bayanan ciniki, ko ya gwada wata manhaja don gano kurakuranta. Idan ya gama a sallame shi. Wani ana biyansa bisa yawan sa'o'in da ya yi, wani kuma jinga ake yi da shi, kamar dai yadda ake yi da magini ko kafinta. Akwai manyan kasuwanni na intanet, irin su Upwork da Fiverr da Toptal, inda masu aiki da masu neman a yi musu aiki suke haɗuwa, kasuwar kuma ta cire la'adarta kamar yadda dillali yake cirewa a karar shanu ta Wudil ranar Juma'a.

Bambancin ɗan kwangila da ma'aikacin gwamnati a bayyane yake. Ma'aikaci yana da albashi ƙarshen wata, da hutun shekara, da ƙarin girma, da fansho. Ɗan kwangila ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ranar da ya kwanta ciwo, ranar nan babu ko kwabo.

Faɗuwar Naira da Kwaɗayin Dala

Abin da ya sa hankalin matasa ya karkata ga wannan aiki bai wuce halin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga ba. Nijeriya ta faɗa cikin karayar arziki a 2016, ta sake faɗawa a 2020 lokacin annobar korona. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni na 2023 ɗin Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara ta nemi farashinta a kasuwa. Dala ɗaya da take kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta zarce Naira 1,500 a farkon 2024. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

A ɗauki misalin wanda yake samun Dala 300 a wata. A farashin Naira 460, kuɗinsa Naira 138,000 ne. A farashin Naira 1,500 kuwa sun zama Naira 450,000, ba tare da ya ƙara aikin ko da sa'a ɗaya ba. A daidai wannan lokaci, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne, Gwamnan Kano Alhaji Abba Kabir Yusuf kuma ya tsayar da Naira 71,000 ga ma'aikatan jiha. Alawus ɗin masu bautar ƙasa ya tashi daga Naira 33,000 zuwa Naira 77,000 a 2025. Duk ɗalibin da ya jera waɗannan alƙaluma a takarda ba ya bukatar wanda zai gaya masa inda riba take.

Amma fa farashin canji wuƙa ce mai baki biyu. Tsakanin watan Maris da tsakiyar Afrilu na 2024 Naira ta ɗan farfaɗo, Dala ta sauko daga wajen Naira 1,600 zuwa kusa da Naira 1,150. Mai Dala 300 ɗin nan ya ga kuɗinsa sun faɗo daga Naira 480,000 zuwa Naira 345,000 cikin 'yan makonni, alhali kuwa kwanon masara da kuɗin haya ba su bi Dala sun sauko ba. Wanda ya ɗauki nauyin da ya auna da ranar da Dala ta fi tsada, shi ne farkon wanda zai shiga bashi.

Can Ma Kasuwa Ta Faɗi

Kuskuren da mutane da dama suke yi shi ne zaton cewa matsin arziki a nan kawai yake. A shekarun 2020 da 2021, lokacin da annoba ta kulle mutane a gida, manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun ɗebi ma'aikata ba ji ba gani, aka kuma saba da ba mutum aiki daga nesa. Da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a 2022 domin shawo kan tsadar kaya, sai masu zuba jari suka ɗaure bakin jaka. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A watan Janairu na 2023 Amazon ya bayyana sallamar 18,000, Google 12,000, Microsoft kuma 10,000.

Guguwar ba ta tsaya a can ba. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin horar da matasan Afirka a haɗa su da kamfanonin waje, tun a watan Satumba na 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, bisa dalilin cewa masu ba da aiki ƙwararru suke nema, ba sababbin hannu ba. Haka kuma a 2024 Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas, wadda ya ba da sanarwar kafawa a 2019.

Sakamakon haka a fili yake. Idan dubban ƙwararru suka rasa aiki, da yawansu sukan shigo kasuwar kwangila, masu sayarwa su yi yawa, masu saye su ragu, farashi ya karye. Yaron Indabo da ya tura takardar neman wani aiki ba da 'yan ajinsu kaɗai yake takara ba. Yana takara ne da mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash da Filifin da Masar, waɗanda da yawansu sun daɗe a kasuwar, suna da shaidar ɗaruruwan ayyuka da suka kammala. Bugu da ƙari, tun daga watan Nuwamba na 2022 da aka fito da ChatGPT, manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun fara yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi sana'a da su, kamar rubuta gajeren tsari ko gyara fuskar shafi. Tsanin da ake hawa ya rasa matakalarsa ta ƙasa.

Abin da Yake Shiga Aljihu

Kuɗin da aka yi jinga a kai daban, wanda yake isa hannu daban. Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane aiki. Upwork ya tsayar da la'adarsa a kashi 10 cikin ɗari a 2023, sa'an nan a 2025 ya mai da ita mai hawa da sauka har zuwa kashi 15. Bayan wannan akwai kuɗin da kamfanin aiko da kuɗi zai cire, da bambancin farashin canji. Shigo da kuɗin ma kansa ya daɗe yana ba da wahala, domin PayPal da ya shigo Nijeriya a 2014 ya shafe shekaru yana barin 'yan ƙasa su biya amma ba su karɓa ba, abin da ya sa aka koma ga irin su Payoneer da asusun Dala na bankuna.

A ƙaddara wani ya sami aikin Dala 500 da zai ci masa wata guda. Kasuwa ta cire Dala 100, saura 400, watau Naira 600,000 a farashin 1,500. Idan a shekara wata 6 kaɗai ya sami irin wannan aiki, abin da ya samu ya zama Naira 300,000 a kowane wata in an raba. Watannin da babu aiki ma dole injin wuta ya tashi, domin neman aikin shi ma aiki ne. Idan yana ƙona lita 3 a rana a kan Naira 900, cikin kwana 26 ya kashe Naira 70,200, watau kusan albashin ƙaramin ma'aikaci ɗungurungum. Ba a zo kan kuɗin data ba, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Har yanzu abin da ya rage ya fi albashin sabon ma'aikaci, amma bai kai abin da ake yayatawa a majalisar samari ba, kuma daga cikinsa ne mutum zai yi wa kansa tanadin asibiti da na tsufa.

Sai kuma haraji. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, masu soma aiki daga 1 ga Janairu, 2026, sun yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Abin da ya haura haka akwai haraji a kansa, kuma mazaunin Nijeriya ana lissafa masa har da abin da ya samo daga waje. Ɗan kwangila ba shi da ofishin kuɗi da zai cire masa tun daga tushe, shi da kansa zai riƙe lissafi.

Matsalar da ta fi ci wa mutanen karkara tuwo a ƙwarya ita ce wutar lantarki. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da yake kawo wuta daga kudu kuma ya sami matsala. Kafin wannan, ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, aiki ya tsaya a ƙasashe da dama. Mai ba da aiki a Turai ba ruwansa da dalili. Idan ranar alkawari ta wuce, sai ya rubuta mummunar shaida a shafin ma'aikacin, wannan shaida kuwa tana iya hana shi aiki na watanni. Farantin hasken rana da batir da na'urar Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, suna magance matsalar, amma jarinsu ya fi ƙarfin ɗan manomi da ya gama makaranta jiya.

Hausa Ta Zama Haja

Akwai wata ƙofa da ta buɗe musamman ga mutanen wannan yanki. Kamfanonin da suke ƙera manhajoji masu basira suna bukatar waɗanda za su fassara, su ɗauki murya, su kuma duba ingancin rubutu a harsunan da ba su da yawa a intanet, Hausa kuwa tana cikinsu. A nan Bahaushe ba ya takara da mutumin Indiya. Sai dai irin wannan aiki ladansa kan yi ƙasa, kuma ba shi da tabbas. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta Amurka ta ba da labarin ma'aikata a Kenya da ake biya ƙasa da Dala 2 a sa'a domin tace bayanai. A watan Maris na 2024 kuma dandalin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga masu aiki daga Nijeriya da Kenya da waɗansu ƙasashe, mutane suka wayi gari babu hanyar shiga. Wanda ya jingina da bango ɗaya, ranar da ya rushe da shi zai faɗi.

Masu Haɗa Kaya Su Tafi

Waɗanda suka manyanta cikin ma'aikata za su tuna cewa an taɓa ganin irin wannan. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, Naira da take kafaɗa da kafaɗa da Dala ta koma kusan 4 a kan Dala ɗaya. Likitoci da malaman jami'a suka yi ta kwarara zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka, har gwamnati ta kafa kwamiti a 1988 domin duba ƙaurar masana. Bambancin yau shi ne ƙwaƙwalwar tana iya ƙaura ta bar gangar jiki a gida.

Ga masu son tafiya da ƙafarsu kuwa, ƙofofi suna ta ƙunci. Daga watan Janairu na 2024 Ingila ta hana yawancin ɗaliban waje zuwa da iyalinsu. A watan Afrilu na shekarar ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a ba baƙo bizar ƙwararru daga Fam 26,200 zuwa Fam 38,700 a shekara, ta sake ɗagawa zuwa Fam 41,700 a watan Yuli na 2025. A watan Satumba na 2025 gwamnatin Amurka ta ɗora kuɗi Dala 100,000 a kan sababbin takardun neman bizar H-1B, wadda ita ce hanyar da injiniyoyin kwamfuta suka fi bi. Jamus ce ta ɗan sassauta, inda a watan Yuni na 2024 ta fito da katin da yake ba mai sana'a damar shiga ya nemi aiki, da sharaɗin ya nuna yana da abin riƙe kansa. Duk lokacin da ƙofar halal ta yi ƙunci, 'yan damfara masu sayar da takardun aiki na bogi sukan yi yawa. Bai kamata magidanci ya sayar da gona ko shanu ba saboda alkawarin wani dillalin biza da ba a ga ofishinsa ba.

Ma'aikacin Gwamnati da Doka

Ma'aikatan sashen kwamfuta na ma'aikatu su ma suna jin wannan kira, domin wanda ya iya kula da rumbun bayanan albashi na gwamnati zai iya yi wa kamfanin waje irinsa da dare. To amma ya kamata a san matsayin doka. Jadawali na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Wanda ya ɗauki kwangila a ɓoye yana sa aikinsa da fanshonsa cikin haɗari, balle a ce da kwamfutar ofis ya yi. Ita ma gwamnati akwai abin dubawa a gabanta, domin muddin ƙwararre yana ganin abin da zai samu a mako a waje ya fi albashinsa na wata, ma'aikatu za su ci gaba da horar da mutane suna rasa su, daga baya su dawo suna biyan kamfanoni kuɗi mai yawa a kan aikin da ɗan gida zai iya.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NITDA a 2001, an kuma sa hannu a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a watan Oktoba na 2022. A ƙarshen 2023 Ministan Sadarwa Dokta Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan 3. Horo abu ne mai kyau, amma darasin Andela yana nan: kasuwa ta cika da sababbin hannu, ƙwararru take nema. Kwas na wata 3 mabuɗi ne kawai, ba ɗakin ba ne.

Abin Lura ga Ɗalibai

Daga abin da ya gabata, ɗalibi zai iya tsintar 'yan abubuwa. Gara ya zurfafa a fanni guda, kamar tsaron bayanai ko sarrafa rumbun bayanai, da ya taɓa komai sama-sama. Ya gyara Turancinsa na rubutu, domin da wasiƙa ake cin kasuwar. Kada ya raina aikin gida: makarantar garinsu, da ɗakin shan magani, da ƙungiyar manoma, da dillalan kara, duk suna da lissafin da har yanzu yake cikin littafi, kuma aikin da aka yi musu shi ne shaidar da za a nuna wa baƙo. Kada ya fara aiki sai an rubuta sharuɗɗa an kuma ajiye kafin alƙalami. Ya nisanci duk wanda ya ce ya ba shi aron asusunsa ko sunansa, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015 da Hukumar EFCC ba su san aro ba, kuma ɓarnar 'yan damfara ce ta sa ake yi wa kowane ɗan Nijeriya kallon tuhuma a kasuwar.

Mai cin rani na da ya san abu guda: komai daɗin birni, ba ya sayar da gonarsa, kuma abin da ya samo da rani shi yake sayen taki da iri. Samarin Indabo da sauran garuruwan ƙasar Wudil da suka shiga sabon cin rani za su amfana idan suka riƙe wannan lissafi, watau su ɗauki watan da Dala ta shigo a matsayin kaka, su cika rumbu saboda watannin da wayar za ta yi shiru. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da dutsen Kano suke, amma maganar ta dace da takardar kuɗin Amurka.